Wace Tina Zan Zuba? Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Fentin Kayan Mota a Gida

Mutum zai kwance madigadi ko bamba ya jingina a bango, ya nemo fenti mai kyau, ya yini yana goga da samfefa har yatsunsa su yi laushi, amma idan an zo kan ruwan da zai sirka fentin, wato tina, sai ya miƙa hannu ya ɗauko duk kwalbar da ta fi kusa. A nan aiki ke lalacewa. Ga tambayoyin da suka fi yawa a bakin masu gwada wannan aiki da kansu.

Ai tina tina ce. Me ya bambanta wannan da waccan?

Sunan ne ɗaya, abin da ke ciki ya sha bamban. Kowace tina haɗin sinadarai ce, kuma kowane sinadari da saurin da yake bin iska. Asiton yana tafasa a wajen digiri 56 na ma'aunin Salshiyas, don haka kafin ka ƙifta ido ya tashi. Toluwin sai ya kai kusan 111, butil asitet wajen 126, zailin wajen 140, shi kuwa farin sinadarin da ake sirka fentin mai da shi yana hawa daga 150 zuwa kusan 200. Masu haɗa tina suna auna waɗannan ne yadda wani zai tashi tun fenti na cikin iska tsakanin bindigar feshi da ƙarfe, wani ya tsaya ya ba fentin damar kwanciya ya baje, wani kuma ya fita a ƙarshe a hankali.

Daga bisani babu ɗigon tina da zai saura a jikin motar. Amma ita ke yanke hukuncin yadda fentin zai fita daga bindiga, yadda zai kwanta, da yadda zai bushe.

Akwai kuma batun narkarwa. Kowane fenti da irin ƙaron da ke riƙe launinsa, kuma ba kowane sinadari ke iya narkar da kowane ƙaro ba. Zuba tinar fentin mai a cikin fentin selulos, za ka ga ya tsinke ya yi gudaji a idonka, ba kuma ya komawa.

To yaya zan san wadda ta dace da fentina?

Fara da gwangwanin fentin, kada ka fara da kwalbar tina. Fentin mota da za ka fi cin karo da shi su ne waɗannan.

Fentin selulos, wanda ake yi wa alamar NC. Shi ne tsohon hannu: kamfanin DuPont ya fito da irinsa mai suna Duco a farkon shekarun 1920, General Motors ya fara fesa shi a motocin Oakland, aka rage jiran bushewa daga makonni zuwa sa'o'i. Yana bushewa ne kawai saboda tina ta tashi, kuma tinar selulos yake so, da yawa ma, sau tari kashi ɗaya na fenti, kashi ɗaya na tina.

Fentin mai, wato inamel, wanda ke daɗewa bai bushe ba domin yana buƙatar iskar oksijin kafin ya yi tauri. Tinar inamel yake sha, kaɗan kuma.

Launin ƙasa da ake rufewa da kiliya, wato fenti marar launi mai sheƙi da ake fesawa a sama, irin mai ƙyalƙyalin ƙarfe da yawancin motocin zamani ke ɗauke da shi. Yana da tinarsa ta musamman, domin ita ke sa ƙwayoyin alminiyon da ke cikinsa su kwanta bai ɗaya.

Fenti ko kiliya ko firaima (shafin farko da ake yi kafin launi) mai alamar 2K, wanda ake haɗawa da hadna, wato sinadarin da ke sa shi tauri. Tinar 2K kaɗai.

Firaimar ifoksi ma tana da tata. Launin da ake sirkawa da ruwa shi ma yana da ruwansa na musamman da aka tace, ba na famfo ba.

Kowane fenti na kirki yana da takardar bayani daga kamfaninsa, wadda ke faɗin sunan tinar, adadinta, girman bakin bindiga da lokacin jira. Idan ba ta zo da gwangwanin ba, saka sunan fentin da lambarsa a intanet. Shafi ɗaya ne ko biyu, kuma ya fi shawarar mutum goma.

Me ya sa ake tsananta wa 2K haka? Na ga wani ya zuba tinar selulos kuma ya bushe lafiya.

Domin 2K ba bushewa kawai yake yi ba, haɗuwa ake yi a cikinsa. Hadna tana ɗauke da sinadarin aisosayanet, wanda ke kama ƙaron fentin su sarƙe su zama foliyuritan, abin da Otto Bayer da abokan aikinsa suka gano a Jamus a 1937. Matsalar ita ce aisosayanet ba ya zaɓe. Idan ya tarar da alkohol ko ruwa a cikin kofin, da su zai haɗu. Tinar selulos kuwa galibi tana da alkohol, ta wanke bindiga kuma tana iya zuwa da danshi. Duk hadnar da alkohol ya cinye ta tafi ke nan, fentin ya rasa rabonsa. Wadda ta haɗu da ruwa kuma tana fitar da iskar kabon dayoksaid, ta bar ƙananan ramuka kamar an tsattsaga da allura.

Na taɓa faɗawa wannan rami. Tinar 2K ta ƙare mini ana saura feshin kiliya na ƙarshe a kan murfin but, na ce ɗan kaɗan daga galan ɗin wanke bindiga ba zai yi komai ba. A daren, murfin yana ɗaukar ido, har ina kallon fuskata a ciki. Washegari ƙyallin ya dushe kamar an hura masa numfashi. Bayan kwana huɗu na danna farce a gefe, sai ga shatin farcen ya zauna. Da na sa samfefa don gyara, maimakon gari ya fito, sai fentin ya riƙa murɗewa yana toshe takardar kamar danƙo. Sai da na kankare duka na koma farko.

Shi wanda ka ga ya yi ya tsira, ka koma ka duba aikinsa bayan wata shida a rana.

Ita tinar wanke bindiga fa, ba ta da amfani ke nan?

Tana da shi, sunanta ya faɗa: wanke bindiga, kofi da sandar juyawa. Yawancinta daga tsofaffin sinadarai ake sake tace ta, shi ya sa galan na yau ba lallai ya yi daidai da na gobe ba. Araha ba ta ado. Bayan ka wanke bindiga da ita, ɗauraye da ɗan tinar da za ka yi aiki da ita kafin ka zuba fenti.

Wani gwangwani an rubuta Thinner, wani Reducer. Abu biyu ne?

Aikinsu ɗaya. A Amurka an saba kiran ta selulos da suna na farko, ta inamel da ta yuritan da na biyu, a Turai kuwa sau da yawa duk suna na farko ake ba su. Kada sunan ya ɗauke maka hankali, duba irin fentin da aka ce an yi ta dominsa.

Mai sauri, matsakaiciya, mai jinkiri: wacce zan ɗauka?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci bayan ka gane irin fentinka, kuma ita mutane suka fi tsallakewa. Alƙaluman da ke takardun bayani an auna su ne a digiri 20. Kamfanoni suna ɗan bambanta a iyakokinsu, amma a dunƙule: mai sauri ta wuri mai sanyi ce, ƙasa da digiri 18 ko makamancin haka, matsakaiciya daga nan zuwa wajen 25, mai jinkiri daga 25 zuwa sama. Wasu kamfanonin suna da mai jinkiri sosai don zafin da ya haura 30 ko 35.

Sabon hannu yakan so mai sauri, wai don aiki ya bushe kafin ƙura ta sauka. Dabarar tana da ma'ana a baki, amma ga abin da ke faruwa a ranar zafi: tinar ta tashi tun fenti bai isa ƙarfe ba, ya sauka rabinsa a bushe, ka shafa ka ji kamar yashi. Ko kuma ya sauka da ɗan danshi amma bai samu lokacin bajewa ba, fuskarsa ta yi gurzo-gurzo kamar ɓawon lemu. Mafi muni, sama ta rufe da wuri alhali tinar ƙasa ba ta gama fita ba, daga baya ta huda ta fito ta bar ƙuraje.

Mai jinkiri a ranar sanyi kuma nata laifin daban: fenti ya daɗe a jiƙe, ya fara gangarowa yana hawaye a gefen ƙofa, ƙura da ƙwari su samu wurin sauka.

Zafin ƙarfen ake dubawa, ba na iska kaɗai ba. Bonet baƙi da ya sha rana zai iya ƙona tafin hannu ko da inuwa na da daɗi. Shigar da shi inuwa ya huce tukuna. Girman aiki ma yana da ta cewa. Murfin madubi ko marfin tankin mai za ka gama shi da feshi biyu, matsakaiciya ta wadatar ko da ɗan zafi. Bonet ko rufin mota kuwa, kafin ka kai wancan gefe wannan ya fara kamewa, don haka matsa zuwa mai jinkiri domin gaɓar feshin ta narke cikin juna. Iska mai kaɗawa tana ƙara saurin bushewa kamar yadda zafi ke yi.

Ni dai idan ina shakka tsakanin biyu, mai jinkiri nake ɗauka in ƙara lokacin jira. Hawaye ɗaya ana goge shi da samfefa mai laushi a yi folish. Busasshen feshi a duk faɗin bonet kuwa sai an sake.

A 2K, hadna ma tana zuwa mai sauri da mai jinkiri. Haɗa su su tafi tare.

Fentina ya yi fari-fari kamar hazo yana bushewa. Me ya jawo?

Danshi. Duk sinadarin da ke tashi da sauri yana sanyaya wurin da ya bari, kamar yadda kake jin sanyi idan turare ya taɓa fatarka. Idan iska na ɗauke da laima, ƙarfen ya yi sanyi, sai raɓa ta sauka a kan jiƙaƙƙen fenti ta maƙale a ciki. Selulos ya fi kowa wannan ciwo, kuma ya fi nunawa a launi mai duhu. Maganinsa tina mai jinkiri, ko a ɗiga sinadarin jinkirtawa da ake sayarwa musamman don haka. Ƙa'idar da masu fenti ke bi ita ce zafin ƙarfe ya haura zafin da raɓa ke fara sauka da aƙalla digiri 3, kuma idan laimar iska ta haura kashi 80 cikin 100 a haƙura. Da sassafe, da bayan ruwan sama, da dab da faɗuwar rana, duk lokutan haɗari ne. A duba kwamfuresa ma, domin tankinta na tara ruwa: a zubar da shi kullum, a sa matatar ruwa a kan tiyo.

Nawa zan zuba?

Abin da takardar ta ce. Idan an rubuta 2:1 da kashi 10 cikin 100, ma'anarsa kashi biyu na kiliya, kashi ɗaya na hadna, sannan tina. Misali mililita 200 na kiliya da 100 na hadna sun ba da 300, tina kuma wajen 30. Idan 4:1:1 ne, fenti 400, hadna 100, tina 100. Lambar farko fenti ce, ta biyu hadna, ta uku tina. Zuba hadna ka juya sosai, sannan tina ta biyo baya. Wasu kiliyoyin ma ba a sa musu tina ko kaɗan.

Yi awo da kofi mai zane ko sandar awo a cikin gwangwani mai miƙaƙƙen gefe. Awon ido na wanda ya shekara ashirin yana yi ne, shi ma yana kuskure. Kuma kada ka ƙara hadna don fenti ya tsinke ko ya yi saurin bushewa. Adadinta ƙayyadadde ne. Tina ce kaɗai ke da ɗan filin ƙari ko ragi, shi ma cikin iyakar da aka rubuta.

A ƙarshe tace haɗin da matatar takarda kafin ya shiga bindiga.

Akwai hanyar auna kauri ba da ido ba?

Akwai ɗan kofi da ake kira DIN 4. Yana cin mililita 100, da rami mai faɗin milimita 4 a gindinsa. Ka toshe ramin da yatsa, ka cika shi, ka saki, ka ƙirga daƙiƙa har zaren fentin ya fara yankewa. Yawancin launi da kiliya suna faɗawa tsakanin daƙiƙa 15 zuwa 22 a digiri 20, firaima mai cikewa ta fi haka kauri. Takardar za ta ba ka ainihin lambar.

Abin lura: sanyi na ƙara wa fenti kauri. Gwangwanin da ya kwana a wuri mai sanyi zai nuna kamar yana neman ƙarin tina, alhali ɗumi kawai yake so. Bar shi ya kai zafin ɗaki, amma ba kusa da wuta ba.

Wani lokaci kuma laifin na bindiga ne. Bakin milimita 1.3 ko 1.4 na launi da kiliya ne, firaima mai kauri tana son 1.6 zuwa 2.0. Wanda ya matsa sai ya fesa firaima ta ƙaramin baki zai yi ta ƙara tina har firaimar ta zama ruwa, ta kasa cike komai, bayan makonni kuma ta shanye shatin samfefa ya bayyana.

Zan fesa a kan tsohon fenti. Tina za ta iya taɓa shi?

Ƙwarai kuwa. Jiƙa farin tsumma da tinar selulos, ka ɗora a wani ɓoyayyen lungu na minti ɗaya ko biyu, sannan ka goga. Idan launi ya biyo tsumman, tsohon fentin mai narkewa ne, selulos ko danginsa. Idan ya kumbura ya yamutse, fentin mai ne, kuma duk tina mai ƙarfi da ta hau shi za ta tattare shi kamar fatar tsoho. Idan ko gezau bai yi ba, 2K ne ko gasasshen fentin kamfani, ka samu tushe mai kyau.

A hali na farko da na biyu, ko dai ka kankare zuwa ƙarfe, ko ka sa firaimar da aka yi don raba tsakani. Feshin farko kuma ya zama sama-sama, kada ka jiƙa shi sharkaf.

Bamba da sauran kayan roba fa?

Juya bayan kayan, za ka ga haruffa a tsakanin alamu biyu, kamar >PP< ko >ABS< ko >PC<, masu nuna irin robar. Yawancin bamba PP ce ko haɗinta. Tina ba ta cika cin ta ba, amma fenti ma ba ya kama ta sai an fara fesa firaimar roba. ABS da PC kuwa, asiton da tinar selulos suna narkar da fuskarsu ko su tsattsaga su. Gilashin fitilar gaba na motocin zamani PC ne, ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabon da ba ya fita. Wanke roba da ruwa da sabulu, ka bi da sinadarin goge roba.

Zan iya goge ƙarfe da tina kafin feshi?

A kan tsiraran ƙarfe ba ta ɓarna, amma ba ita ce ta dace ba, domin tana tashi kafin ta ɗago maiƙo, sai ta baza shi kawai. A kan firaima ko fila, wato abin cike lotsa, kuma tana iya laushe su. Akwai sinadarin cire maiƙo da silikon da aka yi don wannan. Tsumma biyu: ɗaya ya jiƙa, ɗaya ya share tun bai bushe ba. Ramukan nan masu zagaye kamar idon kifi da ke buɗewa a sabon fenti, daga maiƙo ko silikon suke, sauya tina ba zai kore su ba.

Fetur ko kananzir za su iya maye gurbi idan na rasa?

A'a. Fetur na ɗauke da ƙarin sinadaran da aka sa don inji, kuma tururinsa na kama wuta ko a sanyin da ya kai digiri 40 ƙasa da sifili. Kananzir maiƙo gare shi, fenti zai yi kwanaki yana danƙo. Ba a fafe gora ranar tafiya: sayi tinar tare da fentin, ka ɗan ƙara a kan lissafinka.

Tinar wani kamfani a fentin wani fa?

Idan nau'in ɗaya ne, kamar tinar 2K mai kyau a kiliyar 2K, sau da yawa ana wanyewa lafiya. A launi mai ƙyalƙyalin ƙarfe ba na kasada, domin ɗan bambancin saurin bushewa na iya sa azurfa ta yi dabbare-dabbare ko ta fi ƙofar da ke kusa duhu. Hadna kuwa ba a musanyarta sam.

Ko wane haɗi ka yi, fesa shi a kan guntun ƙarfe ko tsohon madigadi tukuna, da nisan da za ka yi aiki, wajen santimita 15 zuwa 20, ka kuma ba shi irin jiran da za ka ba ainihin aikin tsakanin feshi da feshi. Gani ya kori ji.

Haɗin 2K ya fara kauri a kofi. In ƙara tina?

Kada ka ƙara. Daga lokacin da hadna ta shiga, agogo ya fara, kuma yawanci sa'a ɗaya zuwa huɗu gare ka, zafi kuma na rage ta. Kaurin da kake gani sarƙewar ce ta yi nisa. Tina za ta sa ya bi ta bindiga, amma ba za ta kwance abin da ya ɗaure ba. Zubar da shi a gwangwanin shara, ka wanke bindiga nan take kafin ya daskare a ciki.

Ina haɗarin yake ga lafiya?

Wuta da huhu. Tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a lungu, ya tafi har inda wuta take. Asiton na kamawa a ƙasa da sifili, toluwin a wajen digiri 4. Ba sigari, ba walda, ba injin gurza ƙarfe, ba murhu, kuma a guji fankar da injinta ke tartsatsi a kan hanyar tururin. Haɗari a nan ba ya ba da sanarwa.

Takunkumin ƙura na takarda ba ya tare tururi ko kaɗan. Ana buƙatar mai matatar gawayi ta tururin sinadarai, wadda a tsarin Turai ake yi wa harafin A da launin ruwan ƙasa, haɗe da matatar ƙura. Da ka fara jin wari ta cikinsa, matatar ta gama aiki. Shi 2K ya wuce nan: aisosayanet sananne ne wajen jawo asma ga masu fentin mota, ba ya ba da warin gargaɗi, kuma wanda jikinsa ya riga ya ƙi shi, ɗan kaɗan ya isa ya tayar masa da ciwon. Abin da hukumomin lafiyar ma'aikata ke ba da shawara shi ne takunkumi mai kawo tsaftatacciyar iska ta tiyo. Idan ba ka da shi, ko wurin aikinka na manne da inda iyali ke kwana, ka yi gyara da shiri a gida, ka kai feshin 2K inda ke da ɗakin feshi.

Sa safar hannu ta naitiril, ka sauya ta da zarar ta jiƙe, da tabarau. Kada ka wanke hannu da tina, tana ratsa fata. Kada kuma a juye ta a kwalbar abin sha. Idan yaro ya haɗiya, ba a sa shi amai, domin tana iya shiga huhu: a garzaya asibiti da gwangwanin a hannu.

Ragowar fa, da wadda na wanke bindiga da ita?

Sabuwa, a rufe ta gam a gwangwaninta na asali, a inuwa, nesa da wuta. Gwangwanin da aka bari a buɗe yana rasa sinadaransa masu sauri, ya kuma sha danshi, ka dawo ka tarar da wata tina daban da wadda ka saya. Mai dattin kuwa, tara ta a gwangwanin ƙarfe mai murfi ka bar ta kwana biyu ko uku. Fentin zai kwanta a ƙasa, ka tsiyaye ta sama don wankin farko na gaba. Dattin da ya rage ba a zuba shi a magudana ko a ƙasa, a kai shi inda ake karɓar sharar sinadarai. Tsummokaran da suka jiƙe kuma a sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi, a ajiye a waje.